Ranar da Aka Karɓe Mana Makara

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da mutanen wani ƙauye suka karɓe mana makara da Hajiya Asabe a ciki ba. Ku yaran yanzu a finafinai kuka san ta, uwar da ke zaune a falo tana yi wa 'ya'ya faɗa. Kun kuma ga hotonta a bangon ofishin nan riƙe da lambar yabon da aka ba ta a gasar wasan kwaikwayo ta ƙasa. To, a kan shirin da zan ba ku labarinsa ta sami lambar nan, kuma ni Ɗanlami da ke gabanku ni ne mai kula da dandali a lokacin.

Aikin mai kula da dandali, ga wanda bai sani ba, aiki ne da ba a gani. Darakta ya tsara wasa, 'yan wasa su fito a tafa musu, ni kuma nawa shi ne in tabbatar rigar kowa tana nan, tabarma da buta da turmi suna inda ya kamata, sannan in ba kowa alamar shiga da ta fita. In wasa ya yi kyau a ce Malam Sanusi darakta ya iya aiki. In ya lalace a ce ina Ɗanlami. Ƙaramin ma'aikaci ne ni a sashen wasanni na hukumar da ke wayar da kan jama'a, Malam Sanusi ne shugabana, shi ma yana da nasa shugabannin a hedikwata da ba su san ƙauye ba sai a takarda.

Lokacin ba ta je Makka ba, Yaya Asabe muke ce mata. Daga wasan rediyo ta fara, muryarta ta riga fuskarta shiga gari. Da ta hau dandali kuwa, a zamanin da mace in ta tsaya gaban jama'a sai an yi da ita a gidan suna da gidan biki, ba ta taɓa ba kowa ƙofar raini ba. Abin da ya bambanta ta da sauranmu shi ne in ta shiga wasa ba abin da ke fito da ita sai an ce an gama. Na taɓa ganin fitilar ƙwai ta faɗi a dandali, wuta ta kama gefen zanenta, ta sa hannu ta murje wutar tana ci gaba da maganarta, har 'yan kallo suka ɗauka cikin wasan ne. Sai da aka ja labule ta tambaya ko akwai mai man shafawa.

Abin ya faru cikin shekarun tamanin, farkon hawan soja, a bazarar da ta biyo bayan daminar nan da ta yanke gero ya bushe a tsaye. A birni layin shinkafa da sabulu muke yi. A ƙauye ba ma abin da za a yi wa layin. Yunwa ta riga ta kwantar da mutane, sai sanƙarau ya zo ya tarar da su a kwance. Shi ya sa aka ce mu yi wasa a kan cutar. Yaya Asabe ce matar da mijinta ya ƙi kai ta asibiti har ta rasu. Mijin kuma Bala ne, ɗan barkwancinmu, wanda in aka ce ya yi kuka sai ka ji kamar ka tashi ka ba shi haƙuri. Mun zaga da wasan a dandalin ƙauyuka ba wata matsala, domin a ƙarshe duk wanda ya mutu a wasa yakan fito ya gaida jama'a. Sai umarni ya zo daga sama cewa a ɗauke shi don talabijin.

Akwai abu biyu game da yadda muke aiki da sai kun fahimce su, in ba haka ba za ku ce mahaukata ne mu. Na farko, ba a rubuta mana magana. Darakta zai gaya maka kai wane ne, me ya same ka, ina labarin zai nufa, sauran kuma ya rage naka. Duk wanda ya yi maka magana cikin wasa, ka amsa masa a matsayin mutumin da aka ba ka, ko da ba ka san da zuwansa ba. Na biyu, talauci ya kai har cikin akwatin kayanmu. Kyamara ɗaya ce, batir ɗinta ya tsufa, kaset kuwa sai an goge tsohon shiri ake samun na ɗaukar sabo. Saboda haka ɗauka ɗaya ake yi. Dokar Malam Sanusi ita ce ba mai tsayawa, ba mai waige, sai ya busa usur, ko da kunama ce ta harbe ka.

Wurin da aka zaɓa wani ƙauye ne tsakanin Minjibir da Zakirai. Duk wanda ya san yankin ya san ba daji a can. Gona na jikin gona, gida nan gida can, unguwa ba ta ƙarewa sai wata ta fara. Mun je mun gaida dagaci, ya ba mu izini, ya kuma sanar da mutanen unguwarsa. Unguwar da ke gaba da su, wadda suke haɗa maƙabarta da ita, ba wanda ya tuna da ita, daga shi har mu.

Tsarin da Malam Sanusi ya yi mai sauƙi ne. Kyamara tana saman motar ofis a bakin hanya. Za a fara da fuskar mamaciya ana rufe ta, a ɗaga makara, a bi 'yar siririyar hanya ta cikin gonaki har gindin wata tsamiya can nesa, kyamara na bin mu muna ƙanƙancewa. A tsamiya zai busa usur. Makarar ni na ɗaure ta da gwangwala, don ba mu yi ƙarfin halin aron ta masallaci ba. Ni kuma na ba da shawarar da zarar an rufe fuska a tsaya, a musanya Yaya Asabe da turmi da tsummokara. Malam Sanusi ya ce batir ba zai ɗauki tsayawa da tashi ba. Yaya Asabe kuma ta dube ni ta ce:

"Ɗanlami, turmi ba ya kwanciya irin ta mutum. Duk wanda ya taɓa ɗaukar gawa zai gane daga tafiyarku."

Na ce, "Yaya, ranar nan fa ba ta wasa ba ce."

Ta ce, "Daga nan zuwa tsamiya ne zan narke?"

Aka shafa mata toka da hoda har fuskar ta yi fari-fari, aka cusa mata auduga a kunne da gefen hanci, matan da ke cikinmu suka naɗe ta da likkafani suka ɗaure. Tunda ba za ta ji usur ba, muka yi da ita cewa kada ta motsa sai na ja babban yatsan ƙafarta ta kan likkafanin. Ni ma na sa tsohuwar riga na shiga sahu a matsayin ɗan rakiya. Hantsi ya riga ya dubi ludayi lokacin da aka ɗaga ta, Bala a gaba yana sheshsheƙa, 'yan wasanmu uku a sauran kusurwoyin, ni a baya.

Gonakin nan an share su tas ana jiran ruwan da ba wanda ya san ko zai zo. Ba ganye ko ɗaya sai na gawo. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ƙauye ne cike da gidaje, amma ba ka jin daka, ba ka jin kukan akuya, ko zakara babu. Takun ƙafarmu kawai da kukan Bala.

Mun ci kusan rabin hanya sai ga mutane sun ɓullo daga wani burtali ta hannun dama, wato hanyar shanu da ake bari tsakanin gonaki. Maza ne zalla, da yawansu, wasu da diga da shebur a kafaɗa, wani dattijo mai farin rawani a tsakiyarsu. Da suka gan mu sai suka tsaya cik. Kawai juyowa suka yi suka nufo mu, suka shiga bayanmu.

Ni haushi ma na ji. Malam Sanusi ya saba yi min haka, ya je ya shirya da dagaci a tara masa mutanen gari su cika wuri ba tare da ya gaya min ba, don wai ya ga yadda 'yan wasa za su yi da abin ba-zata. A raina na ce to, ga shi ya sake, kuma ni za a tambaya goron da za a raba musu. Ashe shi ma a saman mota murna yake yi, yana ce wa mai kyamara lallai Ɗanlami ya yi ƙoƙari yau.

Dattijon nan mai rawani, wanda daga baya na san limaminsu ne, ya matso kusa da Bala ya ce a hankali:

"Wacce ce?"

Bala, ɗan halak, ya amsa yadda aka koya masa. Ya ja majina ya ce, "Iyalina ce, Baba."

"Ciwon nan ne?"

"Shi ne, Baba. Kwana biyu kawai ta yi."

"An sallace ta?"

"An yi, a ƙofar gida."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Saki, ɗana, ka gaji."

Kun san yadda ake yi. Duk wanda ya ga gawa sai ya sa kafaɗa ya sami lada, ya yi 'yan taku wani ya karɓe shi, kuma ba a hana mutum. Wani ya zame ya shiga wurin Bala, wani ya karɓi na bayansa. Kafin ka ce kwabo babu ɗan wasanmu ko ɗaya a ƙarƙashin makarar. Tafiya kuma ta canza. Mu da muke jan ƙafa don kyamara ta samu, sai ga shi ana sauri irin na masu son kai mamaci makwancinsa kafin rana ta take.

A nan ne na fara duban mutanen da kyau. Na ga jar ƙasa ɗanya a hannuwansu da gwiwoyin wandunansu, alhali ƙasar gonakin nan fara ce busasshiya. Sannan na lura da wani abin da ya fi wannan. Na shekara da shekaru ina tara mutanen gari su cika wuri, kuma ko rantsuwa ka sa su yi, sai wani ya saci kallon kyamara, sai wani ya yi murmushi ya taɓa na kusa da shi. Waɗannan ba wanda ya waiga ko sau ɗaya. Ba su ma san da wata mota a bakin hanya ba. Daga binne wani suke, suka gamu da wata gawar, suka juya.

Muka iso tsamiya, muka wuce tsamiya. Can baya na jiyo usur ɗin Malam Sanusi siriri kamar kukan tsuntsu, ya busa, ya sake busawa. Ba wanda ya kula. Makarar ta karya kwana ta shiga burtali, shingen ƙaya ya rufe mu daga hanya. Bala ya dawo kusa da ni, kukan ya ɗauke ɗif, ya ce cikin raɗa:

"Ɗanlami, waɗannan namu ne?"

Na ce, "Ba namu ba ne."

Za ku ce me ya hana ni ɗaga murya tun a nan. Na yi tunanin haka. Amma ku duba, tana can sama bisa kafaɗun mutane. In na ja yatsanta ta tashi zaune cikin likkafani, jefar da ita za su yi, kuma akwai masu diga a hannu, tsoro kuwa ba ya shawara. In kuma na ce musu wasa muke yi da gawa, a ƙauyen da ake binne mutane kullum, ban san abin da zai biyo baya ba. Na yanke cewa gara a sauke ta ƙasa tukuna. Na yi ta kutsawa in kai ga ƙafarta, amma duk wanda ya ga na matso sai ya ɗauka lada nake nema, ya ba ni gefen makara in riƙe, kafin in gyara hannu wani ya karɓe. Ban ji nishinta ba, ban ji motsinta ba, ga rana ta fara dukan tsakiyar kai.

Ban taɓa ganin maƙabarta irin wannan ba. Sababbin kaburbura sun fi tsofaffi yawa, jere-jere, ƙasarsu ba ta gama bushewa ba, da yawa gajeru ne na yara. A ƙarshen layi akwai wani a buɗe, an tara itace da fasassun tukwane a gefensa, ga tulun ruwa na kwaɓa ƙasa. A bakinsa suka ajiye makarar.

Liman ya dubi Bala ya ce, "Ina kuka haƙa naku?"

Bala ya juyo ya dube ni. Sai wani mutum dogo, ramamme, mai suna Malam Idi, ya jingine digarsa ya ce:

"Ku sa ta a wannan. Na mai ɗakina ne. Tun jiya ba ta san wanda ke kanta ba, na ga tunda masu haƙa suna nan, ƙasar kuma ta yi tauri, gara a rage aiki. Amma ita ba ta cika ba tukuna. Wadda ta riga ita ke da wuri."

Ya ɗauki karan dawar da ya auna kabarin da shi, ya shimfiɗa a gefen makarar daga kai zuwa ƙafa. Wallahi ko ɗan yatsa bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba. Ya ce, "Kamar don ita aka yi."

Liman ya ce wa Bala, "Kai ne mijin, shiga ka karɓe ta." Wasu biyu suka ware mayafi za su yi mata rumfa kamar yadda ake yi wa mace. Ni kuwa na durƙusa a ƙafarta na kama babban yatsan na ja. Ko gezau. Na sake ja da ƙarfi har makarar ta motsa. Shiru. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙafar sanyi ƙalau take, a cikin wannan rana da ko ƙarfe ka taɓa sai ya ƙona ka.

Na miƙe na ce, "Malam, don Allah ku dakata. Ba gawa ba ce. Tana da rai. 'Yan wasan kwaikwayo ne mu daga Kano, wannan ba mijinta ba ne, ba wanda ya mutu."

Na yi zaton ihu, ko zagi, ko duka. Liman kawai ya dafa kafaɗata ya ce da taushin murya:

"Ƙanwarka ce ko yayarka?"

"Malam, abokiyar aikina ce, na rantse da Allah tana da rai!"

"Haƙuri za ka yi, ɗana. Mun ga irin haka da yawa a 'yan watannin nan. Shekaranjiya ma wani rungume ɗansa ya yi a nan yana cewa barci yake. Ku janye shi gefe ya sha iska."

Mutum biyu suka riƙe ni ta hammata, ba da mugunta ba, riƙon lallashi. Wannan riƙon ya fi duka tsoratar da ni. Na ga da idona za a binne Yaya Asabe da rai cikin ladabi da addu'a, kuma ba wanda zai ji ya yi laifi. Na daka wa Bala tsawa na ce ya yi magana. Ya ce, "Gaskiya ne, Baba, wasa ne, ba matata ba ce," amma yana faɗa yana kuka, wannan karon na gaske, sai maganar ta fito kamar ta wanda baƙin ciki ya taɓa. Liman ya girgiza kai ya ce, "Da bakinka ka ce an sallace ta."

Na ce, "To a buɗe fuskarta. Shi da kuka ce mijinta ne ya buɗe. In gawa ce ni zan fara zuba ƙasa."

Liman ya ɗaga wa Bala kai. Bala ya kwance ɗaurin, ya yaye. Da ma bai buɗe ba. Aikin mai kwalliyarmu ya yi kyau fiye da kima: fuska fari fat, leɓe a bushe, ido a rufe, ga auduga. Na zuba wa ƙirjinta ido ban ga yana ɗagawa ba. A lokacin ni kaina na fara tunanin ko limamin ne mai gaskiya, ko zafi da ɗauri sun ƙarasa ta a hanya muna biye muna wasa.

Ban san lokacin da na fizge ba. Na suri tulun nan na kwaɓa ƙasa na juye mata shi a fuska gaba ɗaya. Tokar ta wanke ta gangara, baƙar fatarta ta fito. Ina jin ruwan yana tsiyaya ta cikin gwangwala. Sai ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, kamar an zaro guga daga rijiya mai zurfi. Ta buɗe ido. Abin da ke daidai fuskarta shi ne bakin kabarin. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juyo da ido ta ga ƙafafun mutane kewaye da ita. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, da muryar nan da duk mai rediyo ya sani:

"Ku rufe min kaina, akwai maza."

Ba wanda ya gudu. Har yau wannan na ba ni mamaki. Wani tsoho dai ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Liman ya juya baya ya ce kowa ya juya, Bala ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa mata, muka kwance sauran ɗaurin muka jinginar da ita a inuwar wani gawo. Malam Idi, yana tsaye da bayansa gare mu, ya ce:

"Alhamdu lillahi. Tunda abin nan ya fara, ba wanda muka kawo nan ya koma da ƙafarsa sai yau."

Sai ga Malam Sanusi ya iso a guje, usur na lilo a wuyansa, yana haki yana ba da haƙuri. Liman ya bar shi ya gama, sannan ya ce:

"Wasa kuka ce?"

"Wasa ne, Malam, na wayar da kai. Hukuma ce ta aiko mu."

"A kan me?"

"A kan sanƙarau. Don jama'a su san yana kisa."

Liman ya dubi layin kaburburan nan daga farko har ƙarshe, ya dawo da idonsa kan Malam Sanusi ya ce, "To, mun gode." Da mari ya yi mana da ya fi sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har na rasa inda zan sa idona.

Muna nan ba a watse ba sai ga wani mutum a kan keke ya biyo burtali. Ƙanin Malam Idi ne. Bai sauka ba ma, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Malam Idi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sunkuya ya ɗauki digarsa. Daga gindin gawo Yaya Asabe ta ɗago ta tambaya:

"Yaushe?"

Mai keken ya ce, "Yanzun nan. Ruwa aka ɗiga mata a baki, ta ja numfashi ɗaya, shi ke nan. Ko zama ban yi ba na taho."

Na ga hannun Yaya Asabe ya kama rigar Bala da ke jikinta ya damƙe.

Ba mu tafi ba. Malam Sanusi da kansa ya ce a rufe kyamara a mota. Yaya Asabe ta sa kayanta ta shiga cikin gidan Malam Idi wurin mata, mu kuma muka zauna a ƙofar gida tare da mazan. Bayan azahar aka sallaci matar, muka bi burtalin nan a karo na biyu, na sa kafaɗa na ɗauka aka karɓe ni, na sake ɗauka. A kabarin nan aka sa ta. Ni na je rijiya na ciko tulun da na zubar, don da shi za a kwaɓa ƙasar.

A mota, muna hanyar komawa, bayan mun wuce Minjibir, na kasa haƙuri na ce, "Yaya, suma kika yi?"

Ta ce, "Ban suma ba. Tun da aka canza hannu na sani. Ku kuna ɗaukata kuna girgiza ni kamar buhun gyaɗa. Su kuwa da suka karɓa, ban taɓa jin an riƙe ni da tausayi irin haka ba tun ina goye. Na ji an sauke ni. Na ji ka ja yatsana, sau biyu. Na ce wa jikina tashi, ya ƙi. Kuma Ɗanlami, abin da ya fi ba ni tsoro, ban ji ina son tashin ba."

Can ta ce, "Baiwar Allahn nan, ban sani ba ko ni na so shiga wurinta, ko ita ta shiga nawa." Sai ta fashe da kuka. Na sha ganin hawayenta a dandali, amma ran nan ne na fara ganin tana kukan da ba wanda ya ce ta yi.

Washegari na rubuta rahoto, Malam Sanusi ya sa hannu ya tura sama. Daga nan aka kafa dokar da kuke bi yanzu ba ku san asalinta ba: ba a fita da makara waje sai an yi shela a kowace unguwa da ke kewaye, an kuma ajiye mutum a kowace mahaɗar hanya, sannan ba a sa mai rai a ciki in za a yi nisa da kyamara. Kuna ta ƙorafi wai tsofaffi sun cika ƙa'ida. Ƙa'idar nan da ran mutum aka kusa sayenta.

Abin da ranar ta koya min game da sana'armu shi ne, mu aron rayuwar mutane muke yi. Mutuwar da muke sawa da safe mu tuɓe da yamma, a gidan wani tana zaune ba ta tuɓuwa. Ƙwarewar da muke taƙama da ita, ta kada ka waiga, kada ka fita daga wasa, ita ce ta kai mu bakin rami, domin kowannenmu ya yi aikinsa daidai. Mutanen da muka je wayar wa kai kuwa, ba su tambayi sunanmu ko garinmu ba suka ɗauki gawarmu, ɗayansu har ya ba mu kabarin matarsa. In kun je ƙauye ɗaukar shiri, ku tuna da wannan kafin ku fara daka wa mutane tsawa su matsa daga gaban kyamara.

Hajiya Asabe ta ci gaba da wasa shekaru masu yawa, daga dandali zuwa talabijin, daga nan zuwa finafinan kaset da suka zo daga baya. Ta fito a uwa, ta fito a kaka, ta yi jinya a fim, ta yi takaba. Amma ba ta ƙara yarda an naɗe ta da likkafani ba. Ina wurin wata rana wani matashin darakta, irinku, ya dame ta da magiya, yana cewa minti biyu ne kawai, Hajiya, a cikin ɗaki ma za a yi. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce masa:

"An riga an ɗauke ni sau ɗaya, ɗana. Na biyun ba a gaban kyamara za a yi shi ba."